Pupusar Ƙarshe a Gidan Marleny

Marleny ta tsoma hannu cikin ruwa da mai, ta gutsuro ƙullun masara, ta mulmula, ta lotsa tsakiyarsa da babban yatsa. Ta cusa dakakken wake da cuku, ta haɗe bakin, ta shiga tafa shi tsakanin tafukanta har ya baje, sannan ta shimfiɗa a kan kasko. Pupusa ta goma sha ɗaya ke nan, kuma har yanzu ba ta ɗaga ido ta dubi ƙanwarta ba.

Dinora na zaune a kujerar roba a bakin madafa, tana fifita da wani farin ambulan. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta ajiye 'yarta Xiomara a wannan gida da ke garin Ilobasco, yarinyar tana da shekara biyu, ta ce wata shida kawai za ta yi a Amurka. Jiya ta dawo, da takardun tafiyar yarinyar a cikin ambulan ɗin. Jirginsu gobe da safe.

"Yaya, hayaƙin nan zai kashe ki," in ji Dinora. "Ina murhun gas ɗin da na aiko?"

"Yana ɗaki."

"Ke dai da taurin kai, sai ka ce mahaifiyarmu."

"Ni na yi jinyarta, ni na binne ta. Wa zai gaje ta in ba ni ba?"

Dinora ta ci gaba da fifita. Xiomara ta shigo ɗauke da kwanon yankakken kabeji mai tsami da miyar tumatir, sanye da sababbin takalma farare. Ta ajiye a tebur, za ta juya.

"Tsaya," Marleny ta ce. "Tun yaushe kika san da tafiyar nan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Tun Kirsimeti."

"Ni na hana ta faɗa," Dinora ta yi saurin cewa. "Na san halinki. Can akwai makaranta, akwai aiki. Nan me za ta zama? Mai tafa ƙullu?"

Wata bakwai. Wata bakwai suna cin abinci a tebur ɗaya, suna zuwa coci tare, yarinyar na ɗauke da wannan a ciki.

Xiomara ta saci kallon Dinora, sannan ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, Anti."

Tun da yarinyar ta iya magana, Mama take ce wa Marleny. Da wannan sunan ta kira ta ranar da zazzaɓin dengi ya kwantar da ita asibiti, Marleny ta kwana shida a kan benci. Cuku ya tsiyayo daga gefen wata pupusa, ya yi ƙauri a kan kasko. Marleny ta bar shi ya ƙone.

"Wanke hannunki," ta ce wa Xiomara. "Zo nan."

Ba ta taɓa barin ta kusa da murhu ba. Kullum cewa take ta je ta yi karatu. Yau ta damƙa mata ƙullu.

"Lotsa. Ba haka ba, zai fashe. Kin cika waken. Sake."

"Haba Yaya, yarinyar da ke da tafiya gobe?"

"Shi ya sa. Uwarta ba ta iya ba, can wa zai yi mata?"

Ta farko ta fashe. Ta biyu ta fito kamar takalmin tsoho. Marleny ba ta yi dariya ba, ba ta kuma gyara mata ba. Ta uku ta yi ɗan kyau, Xiomara ta ɗora ta a kasko da kanta. Da lokacin juyawa ya yi, ta kai yatsu kamar yadda ta saba ganin ana yi, sai gefen hannunta ya manne da kaskon, narkakken cuku ya zubo mata.

"Wayyo, Mama!"

Marleny yarinyar take kallo, hawaye na zuba, hannun a miƙe.

Dinora ta zabura, ambulan ya faɗi ƙasa. Ta duba nan, ta duba can, ba ta san inda randar ruwa take ba, balle maganin ƙuna.

Ƙafar Marleny ta riga ta motsa. Ta mayar da ita. Ta sa yatsu ta juya pupusar yarinyar, ta danna tsakiyarta don ta gasu.

"Dinora," ta ce, idonta a kan kasko, "ana kiran ki."