Muryar Takawira a Gidan Haya

Takawira kafinta ya mutu da damina a Chitungwiza, aka kai shi ƙauyensu a Murehwa aka binne. Da aka dawo, yayarsa Tete Marwei ta tattara kayansa, kwat ɗin coci, takalma, reza, mbira, ɗan abin kiɗan da yake kaɗawa da yatsu, da wayarsa, ta zuba a akwatin ƙarfe, ta datse da kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta. A gidansu haka ake yi. Ba a taɓa kayan mamaci sai shekara ta zagayo, an je kabari an kira shi ya dawo gida. Kafin nan yana waje ne, yana yawo a daji, ba ɗaki ba inuwa, kuma ba a son abin da zai ja shi ya shigo ba a shirya masa ba.

Matarsa, Amai Shamiso, wato maman Shamiso, ba ta yi gardama ba. Akwatin yana ƙarƙashin gadonta, tana shara tana kewaye shi. Abin da ya hana ta sakat wayarta ce. Tana cikin tuƙa sadza, tuwonsu na masara, sai wayar ta yi haske, ta jefo mata hotonsa ba wanda ya tambaye ta. Ga shi da fensir a bayan kunne, ga shi yana dariya da giɓin nan nasa. 'Yarsu Shamiso, mai aiki a shagon magani, ta ce ba komai ba ne, kamfanin da yake ajiye hotunansa ne ke tuna musu baya. Uwar ta ce to. Amma duk ranar da hoton ya fito, sai ta rage ɗan sadza a gefen tukunya.

Hoto dai tana da nasa a bango. Abin da ba ta da shi muryarsa ce. Duk Lahadi bayan coci yakan zauna a falo, ya kunna waya tana ɗauka ya jingina ta da gwangwanin suga, ya yi ta kiɗa yana waƙa da muryar da ko awaki ba sa tsayawa ji. Duk wannan ya tafi rumbun kamfanin nan da aka ce yana sama, kyauta. Niyyarta ranar da aka dawo da shi gida a kunna, ta ji shi. Don ta fara lura cewa idan ta rufe ido tana ganin bakinsa yana motsi, amma sauti ba ya zuwa.

Saura kaɗan shekara ta cika, sai Shamiso ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce kamfanin ya canza doka. Duk akawun ɗin da aka daɗe ba a buɗe ba, za su share shi ƙarshen watan nan, da hoto da murya da komai. Ita ta buɗe wa babanta akawun ɗin, ta san kalmar sirrin, amma da ta gwada shiga sai suka ce sun tura lamba zuwa layinsa. Layinsa kuwa yana cikin waya, waya na cikin akwati, makulli na wuyan Tete.

Aka aika wa Tete Marwei ta zo. Ta sha shayi, ta ci burodi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya shin kamfanin nan bai san an yi rasuwa ba ne. Aka ce bai sani ba. Ta ce to a gaya masa ya jira a yi bikin dawo da mamacin kamar kowa.

"Tete, ba mutum ba ne," in ji Shamiso.

"Na ga alama. Da mutum ne da ya zo gaisuwa."

Amai Shamiso ta sauko daga kujera ta durƙusa, tana tafa hannu a hankali yadda ake roƙon dangin miji. Ta ce tun aurensu a gidan haya suke, masu gida nawa suka watso musu kaya waje Tete ta sani, ita ta sha riƙe musu katifa. Yanzu ga shi yana daji bai da wurin kwana, ɗan abin da ya rage nasa ma za a watsar. Tete ta daɗe tana kallon ƙasan kofinta.

"Ƙanena kenan," ta ce. "Da ransa haya, ya mutu ma haya."

Ta ciro makullin. Ta durƙusa gaban akwatin ta ambaci ƙanenta da kirarin gidansu, ta ce ya yi haƙuri, ba kiransa ake ba, aro kawai za a yi, kada ya taso. Da murfin ya ɗaga, warin katako da man gashinsa ya cika ɗakin, Amai Shamiso ta dafa bango. Aka sa wayar a caji, ta farka. Suka zuba mata ido. Lamba ba ta zo ba. Shamiso ta juya ta, ta sake juyawa, sai ta ce layin ya mutu. An daɗe ba a sa masa kati ba, kamfanin waya ya karɓe abinsa.

An buɗe akwatin mamaci a banza.

Amai Shamiso ta ɗauki tata wayar. Ba ta taɓa goge sunansa ba. Ita ma ba ta san abin da ya sa ta danna ba. Ta kara a kunne tana jiran a ce ba a samunsa, sai ta ji yana ringi. Sai aka ɗauka.

"Halo?" Muryar namiji.

Wayar ta faɗi kan cinyarta. Tete ta ja da baya har ta buge akwatin. Shamiso ce ta ɗauka ta buɗe sautin kowa ya ji, sai ga ƙarar mota da ihun fasinja. Wani kwandastan motar haya ta kombi ne a Gweru, sunansa Zvikomborero, shi aka sayar wa layin. Da ya ji maganar lamba ya ce ya san irinsu, 'yan damfara, su nemi wani. Har zai kashe, Amai Shamiso ta ce, "Ɗana, layin mijina ne. Takawira."

Sannan ya ce ashe ita ce. Ya ce tun da ya sayi layin nan bai huta ba. Wata ta kira tana neman ƙofar kabad ɗinta. Wani tsoho yakan kira, ya ji muryarsa, ya yi ta numfashi, ya kashe. Har ya fara waiwaye idan aka ce Takawira a tasha.

"Amai, ya rasu ko?"

"Ya rasu."

"Na ji a jikina. Ku sake turowa."

Ya karanto lambar a hankali, kamar mai karatu a coci, akawun ya buɗe.

Sai maganar inda za a kai kayan. Shamiso ta ce akwai wani kamfani na kyauta amma ɗakinsa ƙarami ne, akwai wani mai araha da ake biya duk wata. Uwar ta tambaya wanne ne ba zai canza magana ba. Shamiso ta ce gaskiya babu. Uwar ta ce to na kyauta sun gani, a ɗauki mai arahar, da sunanta da layinta ita mai rai, a kuma zuba a memori a ba ta a hannu. Ta ƙulle shi a gefen zaninta tun da ɗuminsa.

Tete ta ce a mayar da waya a rufe akwati, kuma kada a kunna komai sai ranar biki. Shamiso ta ce dole a gwada ko ɗaya ne, a tabbatar ya kwafu. Ta danna wanda hannunta ya faɗa.

Mbira ta cika falon, da ƙarar cokali can a kicin, da muryar nan da awaki ba sa so. Amai Shamiso ta rufe ido, bakin da sautin suka haɗu. Can sai kiɗan ya tsaya. A cikin sautin da aka ɗauka, a wata Lahadi da ba wanda ya tuna, wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, sau biyu.

"Amai Shamiso," in ji Takawira, "buɗe mana ƙofar nan."

Ta miƙe ta buɗe. Rana ce tsaka, ba kowa sai shanyar maƙwabta tana kaɗawa.

"Rufe," in ji Tete a hankali. "Lokaci bai yi ba."

Ta tura ƙofar, amma ba ta sa sakata ba.