Abin da Yaya Ya Bari a Ƙirji

Shekaru bayan rasuwar Yaya, likita ta gaya wa Mai Agogo cewa ƙwayoyin tarin fuka na nan a huhunsa. Shi da ba ya tari, bai kuma rame ba. Ta ce barci suke. Sun kusa daina hayayyafa, ɗan abin da suke ci bai wuce na riƙe rai ba, suna iya raka shi tsufa a haka. Amma ranar da jikinsa ya yi rauni za su iya farkawa, kuma jaririyar gidansa ce za ta fara shaƙa. Ta tambaya ko ya taɓa jinyar mai tari. Ya ce yayansa. Ta ce wataƙila daga can ne, ta ba shi maganin watanni.

Ya tura maganin aljihun teburin shago, bai sha ba.

Shagon nasu ne su biyu, ko taga babu. Yaya ne ya koya masa jan kunnen agogon da ba a saya ba, wato ɗan maɓallin gefensa, hannuwan su tsaya, batir ya riƙa ci kaɗan-kaɗan. Yakan ce bai mutu ba, jira yake. Ga su nan jere cikin gilashi, kowanne da ƙarfen da ya tsaya a kai.

An rabar da tufafin Yaya, matarsa ta yi aure, muryarsa ma ta fara ɓace masa. Ashe wani abu mai rai ya fito daga ƙirjin Yaya ya zauna a nasa. Yakan ɗora tafinsa a wurin.

Matar Mai Agogo ta kawo abincin rana, tana neman cokali ta ga kwalin maganin a rufe.

"Baban Ƙarama, magani aka ba ka ko ajiya?"

Ya ce ai barci suke.

"Ita ma barci take yi. A kan ƙirjin nan naka."

Bayan ta tafi ya duƙa kan wani agogo, sai tari ya kubce masa, busasshe, da ɗan fito a ƙarshe. Wataƙila ƙura ce. Amma ya san tarin nan. Sai da ya waiwayi kujerar Yaya, ba kowa a kai.

Ya ɓare kwalin.

"Yaya, ka yi haƙuri."

Ya haɗiye ba ruwa.