Kwalaben Baba

Auta na cikin goge kwalba ta ƙarshe Yaya ya shigo ɗakin. Ya dubi bahon kumfa, ya dubi kwalaben rediyo jere a kan tebur suna ƙyalli, ya dafe kai.

"Auta! Me zan gani haka?"

"Wanki mana. Likita ya ce kada ƙura ta kusanci idon Baba. Ka ga dattin da na fitar kuwa?"

"Ina rubutun jikinsu?"

Ta ɗaga ɗaya. Gilashi fes, ko ɗigo babu.

Baba tsohon mai gyaran rediyo ne, tun zamanin da ake sa musu waɗannan kwalabe da masu sana'ar ke kira bawul. Kowace da farin rubutunta mai laushi kamar alli: tambarin kamfani, lamba, da wasu ƙananan haruffa masu nuna shekarar da aka ƙera ta. Shi ya sa bai taɓa goge su ba, kamu ma ta gindi yake yi musu. Ita kuwa baiwar Allah duk zatonta ƙazantar tsufa ce. Tun da yanar ido ta rufe masa gani bai ƙara karanta su ba, kuma don su ya yarda aka yi masa aikin, bayan an sha fama.

"Ni dai babu ruwana," in ji Yaya, ya fita ɗauko Baba daga asibiti.

Da la'asar suka iso. Baba ko takalmi bai cire ba ya zauna gaban teburin.

"Miƙo min tsararki, 'yar nan. Doguwar, wadda aka yi shekarar da aka haife ki."

Dogayen sun fi goma, yanzu duk kamarsu ɗaya. Ta miƙa masa wadda hannunta ya faɗa kai. Kunya ta hana ta ɗaga ido.

Ya kama ta ta gindi, ya matsa wajen taga, ya juya ta a hankali. Ya kusanto da ita, ya nesanta. Ya karɓi wata, ita ma haka.

"Ashe aikin bai yi ba," ya ce a hankali. "Komai ina gani, amma banda rubutu. Kada ku faɗa wa likitan, yaron ya yi ƙoƙarinsa."

Yaya ya ƙyafta mata ido, wai ta yi shiru, ga mafita ta samu.

Auta ta durƙusa.

"Baba, idonka lafiya lau. Ni ce na wanke su. Da sabulu."

Baba ya ajiye kwalbar, ya dube ta sosai.

"Ikon Allah," ya ce. "Yaushe kika yi furfura?"