Ƙusa a Wuyan Jita

Rahila ta cusa allurar famfon ƙwallo cikin ɗan ramin da ta huda a gindin wuyan jitar, ta kasa kunne. Butar ƙarfe na tafasa bisa gawayi. Daga bakinta robar ƙarin ruwa ta biyo har zuwa allurar, an ɗaure mahaɗin da danƙo.

Malam Mani kafinta, wanda ya ara mata kusurwar shagonsa a bakin kasuwar Ƙanƙara, ya aje zarto.

"'Yar boko, shekara talatin ina aikin katako, ban taɓa ganin ana yi wa itace sirace ba. Mura ta kama shi?"

"Wuyan ne ya sunkuya, Malam. Idan tururi ya narkar da gam, sai in zare shi in gyara zamansa."

"Ƙusa biyu sun ishe ki."

"Ƙusa ta ƙyaure ce. Wannan murya gare ta."

Mahaifinta, Baba Labaran, yana zaune kan benci yana kallon titi. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa jitar nan a cocin Pauwa. Ranar da 'yan bindiga suka tashi unguwarsu aka baro ta cikin rumbu, ta sha damina biyu a can. Rahila ce ta koma bisa acaɓa ta ɗauko ta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Da ya ga tsarkiyoyin sun ɗaga har yatsa na iya wucewa ƙarƙashinsu, sai ya ce, "Abin da ya tanƙware ya tanƙware." Tun ranar bai taɓa ta ba, ko waƙa bai sake yi ba. Ita kuwa ita kaɗai ce mace a ajin sassaƙa na makarantar fasaha, ta saba a ce mata ba zai yiwu ba.

Tururi ya fara tsattsafowa ta gefen mahaɗin. Ya zo da ƙamshin tsohon gero da hayaƙi da ƙaro. Hayaniyar kasuwa ta ja baya. Ta ga safiyar Lahadi a Pauwa, dawa ta fi mutum tsawo, mata na buga tulu, ita tana 'yar ƙarama ta manna kunne a cikin jitar tana jin muryar mahaifinta na zagaya ciki kamar ruwa a rijiya.

Ta girgiza wuyan a hankali. Gefe ɗaya ya motsa, ɗayan ya ƙi. Ta ƙara tururi, ta sake gwadawa. Sai ta ji ƙas! Wata 'yar tsaga kamar gashi ta bayyana a gindin.

Malam Mani ya daina murmushi. Idan ta bar tururin ya daɗe, cikin jitar zai buɗe. Idan ta ja da ƙarfi, itacen zai dare. Ta cije leɓe, ta kafa hannu biyu.

"Tsaya."

Baba Labaran ne. Ya taso, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin tabo da ta ɗauka gaɓar itace ce.

"Akwai ƙusa a nan. Shekarar da aka haife ki na faɗi da keke a hanyar Mairuwa, za ni biki, wuyan jitar ya saki. Na buga ta, na rufe da ƙaro da baƙin tukunya don kada mahaifiyarki ta gani."

"Allahu akbar!" Malam Mani ya tafa hannu. "Ashe maigida ɗan makarantarmu ne!"

Rahila ta kankare tabon da tsinin wuƙa. Kan ƙusar ya fito ja wur da tsatsa. Ta kama shi da filaya, ta murɗa, ta zaro. Wuyan ya biyo hannunta salin alin, kamar rogo daga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baba, riƙe mini. Sai ya sha iska kwana bakwai kafin in mayar."

Ya karɓa da ɗuminsa. Ta juya ta sauke butar, ta goge ruwan da ya taru a ramin. Da ta waiwayo, ya koma kan benci, ya jingina wuyan a ƙirjinsa. Babu tsarkiya ko ɗaya a kai, amma yatsunsa na hagu suna tafiya, suna danna wuraren da suka sani.

Ta riga ta shimfiɗa tsumman da za ta shanya wuyan a kai. Ta naɗe tsumman ta aje.