Koma Ki Sake Wankewa

…amma dai yarinyar ta zo. Ta zo, har ta yi dariya, kowa ya gani.

Anti Fitila na zaune a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tsumma a hannu, ba ta goge komai. Yara ne suka laƙa mata sunan nan, shekara huɗu ke nan, har Shugaban cibiyar da shi yake kiranta. Aikinta guda ne a wannan gida da ake kawo 'yan makaranta su koyi kula da lafiya da hannunsu: ta shafa musu hoda, hodar wasa ce da ake cewa ita ce ƙwayoyin cuta, su je famfo su wanke, su dawo su zura hannu cikin baƙin akwatin nan mai shuɗiyar fitila. Duk inda hoda ta saura sai ya ɗau haske. Shi ke nan fa. Aikin da mai gyangyaɗi ma zai iya, ita kuwa idonta biyu ta ɓata shi.

Bari ta yi numfashi tukuna… Daga bayan bango tana jin Kawu Ƙwarangwal, mai ɗakin ƙasusuwa, yana ƙirga haƙarƙari da yaran, muryarsa kamar tsohon janareta. Goma sha ɗaya, goma sha biyu. A cikin muryoyin nan akwai ta yarinyar? Akwai mana. Siririya ce, amma akwai. Wuyan Anti da ya sandare sati uku yau ga shi yana juyawa. Daɗi take ji, daɗi tsagwaronsa, har da 'yar yunwa.

Yarinyar ce ta tara a layi, ran nan da ajinsu ya fara zuwa. 'Yar mitsitsiya, kitso biyu, safa ɗaya ta zame. Ta wanke, ta zura — fau! Tafin hannu, tsakanin yatsu, gefen farce, ko'ina haske. Koma ki sake wankewa. Ta koma. Ta dawo. Haske. Koma ki sake, ki murza sosai, ki rera waƙar sau biyu. Yarinya ta murza har kumfa ya kai gwiwar hannu, sauran yara ashirin da tara sun zagaye akwati suna leƙe. Karo na uku… haske dai. Sai bakin nan nata, bakin da ba ya iya ganin yara sun yi shiru: “Ke kam ƙwayoyin nan sun tare a hannunki, har sun kafa gado.” Ɗaki ya ɗauka da dariya. Ita ma Anti ta yi. Ta yi mana, wa za ta yi wa ƙarya? Har ta ji daɗi wasan ya karɓu.

Robar ruwan wankin yau na nan kan tebur, kumfan yana mutuwa a hankali. A zubar… an jima.

Kwana tara bayan ran nan ne. Injin wankinta ya tsaya, ta tsugunna da sassafe ta cuɗe fararen kayanta da hannu, da garin sabulu, ta ɗauraye, ta fito a guje. Ta kunna fitila don gwaji kafin yara su iso, ta zura hannu haka kawai. Ko murfin gwangwanin hoda ba ta taɓa ba. Ga hannunta yana walƙiya. Ta wanke, yana nan. Ta sake, yana nan, a gefen farce, a layin tafi. Ashe abin da ake sa wa garin sabulu don farin kaya ya ƙara fari, shi ma yana amsa wa fitilar nan. Wa ya gaya mata? Takardar da ta zo da akwatin ba ta faɗa ba. Ko ta faɗa? Ta taɓa karanta ta har ƙarshe kuwa? A tsaye take a wurin, hannu cikin akwati, sai ga kitso biyu a idonta.

Ta kira makarantar. Malamar ajin ta ce, “Ai uwarta wanki da guga take yi. Yarinyar ce ke taya ta ɗauraya kowace safiya kafin ta taho.” Ta ƙara da cewa wai Hannun Cuta suke kiranta yanzu. In an yi da'ira babu mai riƙe ta. Fensirinta in ya faɗi da ƙafa ake turo mata. Uwar ta kama ta a bayan ɗaki da soson ƙarfe, na tukunya, tana dirzar bayan hannunta har jini. Kwana huɗu ba ta zo aji ba.

Soson ƙarfe. 'Yar shekara bakwai. Wa ya aike ta? To wa ya ce mata ta murza sosai?

Shugaba ya ce a rubuta wa makaranta takarda, jadawali ya cika har ƙarshen zango. Takarda… a gaban yara talatin aka yi abin nan, takarda za ta je ta tsaya a filin wasa ta riƙe mata hannu? Ta tsaya masa a ƙofar ofis kwana uku, ita da ko ƙarin tawul ba ta iya roƙo. Ajin nan dai, su talatin ɗin nan, a ɗakin nan. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu sama ya ce ta ɗauki safiyar Laraba, ta bar shi ya sha shayinsa.

Bas ya tsaya ɗazu, tana ƙirga kawuna ta taga. Ashirin da bakwai, da takwas, da tara… Direba har ya kama ƙofa zai rufe. Sai ga safa ɗaya a zame tana saukowa. Rigar sanyi a cikin wannan zafi, an ja hannuwan rigar sun rufe yatsu. Ashe uwar ce ta rako ta har bakin bas. Baiwar Allah, ba ta zo ta ci mutuncin kowa ba. Da ta zo ma, da me za a ce mata?

Yau ba ta fito da hoda ba. Roba ta ajiye, da ruwa, da garin sabulu, da farin hankici. Ta fara kiran wata mai wushirya, wadda ta fi kowa baki, ita ce ma ta raɗa sunan. Cuɗa. Ɗauraye. Wanke hannu da kyau, waƙa sau biyu. Zura. Fau! Mai wushirya ta ja da baya kamar ta taɓa tukunyar zafi. Sai Malama, ita ma haske. Sai ita kanta Anti Fitila, ta ɗaga murfin akwatin kowa ya ga nata. Ɗaki ya yi tsit, irin shirun da bakinta ba ya so, amma yau ta bar shi ya daɗe. Sannan ta durƙusa, gwiwa biyu a kan siminti, daidai tsayin yarinyar.

“Ni ce na yi kuskure, 'yata. Hasken nan na sabulu ne. Ran nan duk ɗakin nan babu hannun da ya kai naki tsabta. Ki yafe mini.”

Yarinyar ta daɗe tana kallon robar. Can sai yatsu suka leƙo daga hannun riga, ɗaya-ɗaya, da ɓawon ciwo a gaɓoɓi. Ta matsa ta zura da kanta, ba wanda ya ce mata. Ta kalli hasken, ta kallo ta.

“Anti, to na Mamata zai fi na kowa haske ke nan?”

Zai fi, 'yata. Wallahi zai fi. Ta faɗa ne ko a zuci ta tsaya? Ta dai ga dariyar ta fito, haƙori biyu babu a gaba. Daga nan kowa na son cuɗa hankici, kowa na son nasa hasken, har ana ture-ture. Da Malama ta ce a yi layi bibbiyu zuwa ɗakin ƙasusuwa, wata doguwa ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta kama na yarinyar, suka wuce. Mai wushirya ba ta kama ba. To, ba komai a rana ɗaya ba. Ciwon zai warke, na hannu dai tabbas, ta ba Malama man shafawa.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Bari ta tashi ta zubar da ruwan nan, ta ce wa Kawu ya ajiye mata shayi, yau kam har biredi biyu za ta…

Famfo na ɗiga. Na uku daga hagu, wanda take tura masu komawa, don ya fi kusa da ita.

Masu komawa.

Shekara huɗu. Aji uku a rana. Akwai wani dogo mai tabo a goshi da ta mayar sau huɗu, ta ce masa ko da ƙafa yake wanke hannu. Akwai 'yan biyun nan, dukansu haske, ta ce abin na gida ne. Akwai wata mai farin gilashi da ta fashe da kuka, ita kuma ta ba ta alawa ta ce gobe ta ƙara ƙoƙari. Wace makaranta ce ma? Wace shekara? Su waye ke wanki a gidajensu kafin gari ya waye? Ba ta tambaya ba. Ba ta taɓa tambayar ko ɗaya ba…

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Aji na gaba, takalman yara talatin suna shuri a baranda. Gwangwanin hoda na hannunta, ba ta san sanda ta ɗauka ba. Na farko a layi har ya miƙo tafukansa biyu, farare tas, fatar yatsun a tattare kamar yanzu aka tsame su daga ruwa.

Ta tsaya tana kallonsu. Murfin ya ƙi buɗuwa, ko kuwa ita ce ba ta murɗa ba…