Kantin da Ke Wuyan Telesia

Ranar da Telesia ta miƙa wa matar fasto kwalbar ruwan goge ƙasa a maimakon man girki, kafin rana ta faɗi labarin ya zaga ƙauyen har ya dawo ya same ta da ƙari. Ba wanda ya mutu, ba ma wanda ya ɗanɗana, don matar tana buɗe kwalbar ƙamshin lemun tsami ya gaya mata gaskiya. Amma mutanenmu na gaɓar tsibirin Savai'i, in ka ba su abin dariya da safe, da shi za su ci abincin dare. Kwalaben iri ɗaya ne, ruwan ciki launi ɗaya, ciwon suga kuwa ya riga ya cinye idanun Telesia, bai bar mata komai ba sai haske da inuwa.

Wanta Pelenato, wanda shi ne shugaban dangi, bai yi dariya ba. Ya jira ranar Lahadi bayan an taso coci an ci an ƙoshi, sannan ya fara magana a hankali, kansa a sunkuye, don a nan namiji ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya ko da waye shi. Ya ce ta yi wa dangi hidima tun mijinta na raye, lokaci ya yi da za ta miƙe ƙafa a tabarma a riƙa kawo mata abinci. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa daga birnin Apia da ke son hayar kantin, zai zo da zarar an gama bikin Lahadin yara. Magana ce mai daɗin ji, amma Telesia ta ji ɗacinta har maƙogwaro. Kantin ba wani babba ba ne, ɗaki ɗaya ne da taga mai ragar ƙarfe, sai dai ta tagar nan take sanin wa ta haihu, wa ta yi faɗa da miji, wa jirgin ruwa ya kawo. A raba ta da tagar nan, an binne ta ke nan da sauran numfashinta.

Ba ta yi musu ba. Ta roƙi abu ɗaya kawai, ya zo ranar Asabar ta jajibirin biki, ranar da ta fi kowace rana ciniki, ya zauna ya gani da idonsa. In ta sake ba wani abin da bai tambaya ba, ita da kanta za ta miƙa masa makulli. Pelenato ya yarda, don ƙin roƙon ƙanwa a gaban dangi abin kunya ne.

'Yarta Malaea, wadda ke aiki a wurin biyan kuɗi na wani babban kanti a birnin Auckland, da ta ji labari sai ta aiko mata da wani kwali. A ciki akwai kwamfuta mai faɗi kamar allo, da ƙaramar firinta ta buga rasit, da durowar kuɗi ta ƙarfe mai nauyin tsiya, da wata na'ura mai mariƙi da kunama wadda ke haska jan haske a kan zanen layi-layin da ke jikin kaya. Telesia na shafa ta ta raɗa mata suna bindiga. Malaea ta riga ta zuba sunayen kayan kantin a allon, ta kuma saita shi ya riƙa faɗin sunan duk abin da aka haska da babbar murya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su, kuma kwalin bai zo da hannu ba.

Maƙwabciyarta Vaosa, ƙawarta tun suna makaranta, tana da ido kamar na shaho, amma tun da tukunyar lantarki ta taɓa jan ta ta rantse ba ita ba duk abin da ke da igiya. Sai aikin ya rabu biyu, mai gani ba ta taɓawa, mai taɓawa ba ta gani. Malaea kuma tana kan waya a ɗan hutunta na cin abincin rana, tana ba da umarni baki cike da burodi.

Bindiga ba ta ba da wahala ba. Bakin igiyarta mai faɗi ne, Telesia ta tura ya ƙi, ta juya shi ya shige, na'urar ta yi ɗan kuka kamar ɗan tsako. Ta firinta bakinta mai kusurwa huɗu ne, shi ma yatsa ya gano gidansa. Da aka gwada bugawa takarda ta fito sarai, Telesia har ta fara murmushi, sai Vaosa ta ce fara ce fat kamar rigar zuwa coci. Malaea ta ce a baibai suka saka naɗin, gefe ɗaya ne kawai ke ɗaukar rubutu. Telesia ta murza takardar tsakanin yatsu biyu, ta ji gefe ɗaya ya fi santsi, ta juya naɗin, rubutu ya fito. Ta riƙe wannan a ranta, don ba kullum Vaosa za ta kasance ba.

Durowar ce ta tsaya musu a wuya, kuma a daidai nan hutun Malaea ya ƙare, ta kashe waya. Bakin igiyar durowar ƙarami ne mai ɗan harshe, bai dace da ko'ina a jikin allon ba.

"Ke, wannan ai igiyar tsohuwar wayar gida ce," in ji Vaosa. "Ga raminta can a bango tun zamanin marigayi. Sa ta a can, kowa ya koma gidan ubansa."

"In na sa ta a can, wa za ta kira? Banki?"

"Ke dai sa. Ni ce mai idon ko ke?"

Ta sa, ta kuwa shiga daidai, abin da ya sa Vaosa ta hau yabon kanta. Aka danna, aka jira, durowa ta yi gum kamar ba da ita ake ba. Suka jijjiga ta, suka lallashe ta, Vaosa har ta yi mata addu'a daga nesa. Da abin ya ishi Telesia sai ta zauna ta ɗora firintar a cinya tana shafa bayanta a hankali, yadda take shafa kifi in tana neman ƙaya. Ga ramin wuta, ga ramin igiyar allo, sai kuma can a lungu wani ƙaramin rami na uku da ba kowa a ciki. Ta zare igiyar daga bango ta tura a nan, ta ji ƙas. Ashe durowar ba ta jin maganar allo, sai ta bakin firinta. Vaosa ta matso ta sunkuya don ta tabbatar da cewa ba zai yi ba, Telesia ta danna, takarda ta fito, durowa ta yi tsalle ta daki Vaosa a ciki. Suka yi dariya har sai da suka zauna a kan buhun shinkafa.

Murnar ba ta daɗe ba. Rabin abin da ake saya a tagar nan ba ya da zanen layi a jikinsa. Wa zai zana wa ƙwai ɗaya lamba? Ga awon sukari, ga albasa, ga maganin sauro guda ɗaya, ga askirim cokali biyu. Malaea ta yi tunanin wannan, ta saka a kwalin wani faifan kati mai ɗauke da zanen kowannensu, a manna a bango, da sunan abin a rubuce a ƙasa. Ta manta, ko zuciyarta ta ƙi yarda, cewa uwarta ba ta ganin rubutu. Telesia ta shafa katin daga sama har ƙasa, sumul yake, bai gaya wa yatsanta komai ba. A nan ne ta yi kuka, karo na farko tun da wanta ya yi magana. Vaosa ta ce za ta zauna kusa da ita ranar Asabar tana nuna mata, Telesia ta ce a'a, zanen aro ba ya rufe katara, in Pelenato ya ga da idon wata take ciniki magana ta ƙare.

Ranar Juma'a mata suka taru suna shirya ula, sarƙar furanni da ake rataya wa yara a wuya ranar biki. Telesia na cikinsu, tana zura furanni a zare, ba ta taɓa ɗaukar ja a maimakon fari ba, don kowane fure da yadda yake a hannu. Tana cikin haka sai hannunta ya tsaya cak. Ta miƙe ba ta yi wa kowa sallama ba, ta ce Vaosa ta biyo ta da almakashi.

Ranar Asabar tun da hantsi Pelenato ya zo ya zauna a benci gefen taga, ya harɗe hannu. Ƙanwarsa ta fito da wata irin ula da ba a taɓa gani ba. Igiyar kamun kifi ce, an jera mata 'yan katunan da aka yanko daga faifan Malaea, kowane kati da abokinsa a gefe: katantanwa mai santsi ita ce ƙwai, murfin kwalba shi ne sukari, maɓallin riga albasa, guntun ƙoƙon kwakwa askirim. Mace ta farko ta ce ƙwai uku. Telesia ta bi sarƙar da yatsa har ta kai katantanwa, ta ɗaga bindiga ta harbi wuyanta sau uku, wata muryar Baturiya ta faɗi ƙwai sau uku, takarda ta fito, durowa ta buɗe. Matar ta tsaya baki buɗe har ta kusa mance ƙwanta.

Kafin tsakar rana layi ya kai bakin titi. Wasu ba su da bukatar komai, albasa ɗaya suke saya don su ga tsohuwa ta harbi kanta. Wani masunci ya nemi madarar gari, ta ɗauko gwangwani ta haska, murya ta ce garin kastad. Pelenato ya gyara zama. Telesia ta ce wa allon na gode, ta mayar, ta ɗauko na kusa da shi, murya ta ce madara, ta miƙa.

Ana tsakiyar cinkoso bindiga ta yi shiru. Ta danna kunama, babu kuka, babu murya. Ta ji motsin wanta ya miƙe daga benci.

"Zauna, Yaya," ta ce. "Kallo ka zo yi."

Ta kama igiyar daga gindin bindiga ta bi ta da hannu, ta ƙarƙashin teburi, ta bayan durowa, har ta iske inda durowar ta maƙale ta ta fizge ta daga gidanta. Ta mayar, ta ɗaure ta da zare a ƙafar teburi don kada a kuma, ɗan tsako ya yi kuka. Mata suka ɗauki tafi, Vaosa kuwa ta shiga gaya wa kowa cewa ita ta koya mata.

Da yamma layi ya ƙare. Pelenato ya taso ya tsaya a taga inda masu saye ke tsayawa. Telesia ta ji numfashinsa ta raga, ta ajiye makullin a kan katako tsakaninsu, don alkawari alkawari ne kuma hukunci nasa ne. Ya tura mata abinta da yatsa ɗaya.

"Gwazata ta nuna," ya ce. "Na gaji da kai ta kasuwa a bas. Akwai sauran gurbi a wuyan nan naki?"

Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi, amma ba ta bari ya fito a murya ba. Ta ce sai ta tambayi Malaea ta aiko da sabon kati, kuma ya sani ba ta karɓar gwaza mai tsutsa, ko ta waye.

"Litinin zan kawo," ya ce.

"Ka zo da wuri, Yaya. In ka makara layi za ka bi."