Gahawar da Haisam Ya Ajiye

Haisam ya zaro kansa daga ƙarƙashin motar, ya goge hannu a wando.

"Akwatin sitiyarin ya tsage," ya ce.

Rawan ta cire hular kwano. Malamar lissafi ce a garin Zarƙa, ranar Juma'a kuma direbar motar tsere mai lamba takwas. "Ai kana da wani a shago."

"Yana cikin jirgin ruwa."

"Wata biyu ke nan kana faɗar haka."

"Wata biyu ke nan yana ciki."

Motocin ƙanana ne, kujera ɗaya, tayoyi a waje tsirara, an haɗa su da kayan tsofaffin motocin Bitil. Haisam kaɗai ke sayar da kayansu, a wani ɗan shago a unguwar Marka. Tun farkon shekara mai filin tseren ya faɗa: ranar da motocin suka gaza takwas a layi, zai soke tserensu, ya ba 'yan babur lokacinsu. Yau bakwai ne masu lafiya. In aka soke, Haisam zai zauna da shago cike da ƙarafan da ba mai so.

Ƙarfe tara na safe. Tsere ƙarfe uku.

"Bitil ɗaya na sani da ba a taɓa ba," in ji Rawan.

"Ki bar maganar."

"Kawunka ne fa."

"Shi ya sa."

Duk da haka ya tafi.

Ya tarar da Kawu Abu Basil a ƙofar gida, suna buga dara da maƙwabcinsa Abu Jiryis. Motar na gefensu, shuɗiya, tana sheƙi. Shekara tara ba ta motsa ba, tun da idon tsohon ya yi rauni, amma kullum sai ya wanke ta kafin ya karya.

"Ga mahauci," in ji Abu Basil. "Yau wace baiwar Allah kuka yanka?"

Haisam ya gaishe su, ya zauna. Tsohon ya ɗauko buta ya tsiyaya masa gahawa. Haisam ya karɓi finjalin da hannun dama, ya dube shi, ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba.

Hannun Abu Jiryis ya tsaya a kan darar. A al'adarsu, baƙon da ya ajiye gahawa ba zai sha ba sai an biya masa buƙatar da ta kawo shi.

"Abu Basil, na ɗauka 'ya'yanka mata duk sun yi aure. Ko akwai wadda ka ɓoye mana?"

"Babu."

"To yaron nan ya kashe wani ke nan."

"Akwatin sitiyari nake so, Kawu," in ji Haisam. "Aro. Gobe in mayar."

Abu Basil ya dubi motar, ya dubi finjalin. Wuyansa ya yi ja.

"Ɗauki abin nan ka sha. Don neman aure ake ajiye gahawa, ko don sulhun jini. Kakanka bai taɓa ajiye ta don ƙarfe ba."

"Kakana raƙuma gare shi."

"Kai, ina wasa da kai?"

"Abincina ne, Kawu. In ba shi, na rufe shago."

"Ka rufe. Ka nemi aikin mutane."

Haisam ya haɗa hannuwa a gwiwa, ya zuba wa finjalin ido.

Taga ta buɗe a sama, Ummu Basil, matar tsohon, ta leƙo. "Motar da ba ta zuwa ko'ina, me za ta yi da sitiyari? Kwana take sha a tsaye?"

"Koma ciki, Hajiya."

"Zan koma. Amma gahawa na hucewa, kuma mutane na kallo."

Gaskiyarta. Mai gidan burodi ya fito da gari a hannu. Wasu dattawa biyu masu sammakon zuwa masallaci sun rage tafiya. Abu Jiryis ya sunkuya, ya taɓa finjalin da bayan yatsa kamar mai duba zazzaɓi.

"Da sauran ɗumi," ya ce. "Kaɗan. Ni dai ba zan faɗa wa kowa ba cewa gahawar ɗan ƙanwarka ta huce a ƙofarka. Amma mai burodi ba ya riƙe magana."

"Shekara arba'in muna maƙwabtaka, ashe maciji ne kai."

"Kuma na kusa cinye ka a darar nan."

Abu Basil ya yi dogon numfashi. Ya gyara rawaninsa.

"Sha gahawarka."

Haisam bai motsa ba. Maganar ba ta cika ba.

"Sha. Abin da ka zo nema ka samu." Ya ɗaga yatsa. "Ba guduma. Kuma inda za shi, ƙafata ƙafarsa."

Haisam ya shanye. Ta riga ta yi sanyi, bai faɗa ba.

Da ya sa sifana, tsohon ya juya baya kamar wanda ake wa ɗansa allura. Bayan sallar Juma'a suka kama hanya, akwatin sitiyarin naɗe da tawul a cinyar Abu Basil. Ko ramin hanya suka faɗa sai ya harari Haisam.

Uku saura kwata aka ɗaure noti na ƙarshe. Mai filin ya bi layi yana ƙirgawa da yatsa. Ya kai takwas, ya sake ƙirgawa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce 'yan babur su jira.

Abu Basil ya ƙi zama. Ya riƙe shingen waya, hayaƙi na dukan fuskarsa. Idonsa ba ya ganin lamba, sai Haisam ya nuna masa.

"Ita ce waccan? Me ya sa take fizgar sitiyarin haka? A hankali, 'yata, ba tuƙa tuwo ba ne." Can kuma ya ce, "Ya aka yi wancan ya wuce ta? Ta bi ta ciki mana. Sitiyarin zai iya."

Rawan ta zo ta shida. Ta fito tana dariya, ta sumbaci kan tsohon. Haisam ya tsaya gefe yana cin burodi mai riɗi, abincinsa na farko tun safe. Murmushi ya so ƙwace masa, ya danne.

Gassan mai aski, wanda motarsa ta yi ta tari har aka gama, ya matso yana shafa gashin baki.

"Baba Abu Basil, an ce injin taka ma ba a taɓa buɗe shi ba."

"Ba a taɓa ba."

"Masha Allah. Gobe da safe kana gida? Na daɗe ina so in zo gaisuwa."

A bayansa wasu direbobi biyu sun kasa kunne. Tsohon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku zo duka, gidanku ne," ya ce. "Amma shayi za ku sha."